Tururuwar Goggo

Hodi ya san shinkafa. Malamin gona ne a Birnin Kebbi, a shekarun nan da kowace takarda sai ta je Sakkwato kafin a sa mata hannu, kuma in ka miƙa masa zangarniya guda zai faɗa maka fadamar da aka yanko ta. Amma madarar jarirai kam Allah bai nufe shi da saninta ba, sai da matarsa Baiwa ta haifa masa 'yar fari.

A Argungu ta haihu. Can ta tafi goyon ciki wajen Goggo, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun tana 'yar mitsitsiya. Goggo kuwa ba matar da ake ja da ita ba ce. Rabin yaran da ke tsalle a bakin gulbi ita ta yanke musu cibiya, iyayen wasunsu ma ita ce, don haka in ta ce abu game da jariri, an gama magana ke nan.

Washegarin suna, bayan an raɗa wa yarinya Asiya, Hodi na zaune a zauren surukansa sai ga Tamba, wan Baiwa, manomin albasa, ya fito yana sosa ƙeya.

"Malam, Goggo tac ce in hwaɗa maka, nonon ba shi da kyau. A sawo madarar gwangwani, irin wadda ɗiyan ma'aikata ka sha."

Tambayoyi sun cika bakin Hodi. Wane irin rashin kyau? Wa ya duba? To amma da wane baki mutum zai tambayi wan matarsa labarin nonon ƙanwarsa? Ga kuma kunyar 'yar fari, wadda ko sunanta bai kamata a ji a bakinsa ba. Ganinta ma sau ɗaya ya yi, shi ma ta gefen ido, da aka fito da ita a naɗe cikin zane. Sai ya haɗiye komai ya ce, "To, Allah shi sawwaƙe," ya hau babur ɗinsa ya koma Birnin Kebbi.

Kai tsaye ya wuce Nasarawa wajen Ummaru mai kemis. Ummaru mutum ne wanda bai taɓa sayar da abu mara kyau ba a bakinsa. Ya sauko da gwangwani iri biyu ya jera a kan kanta, ya ce wannan babu kamarta, waccan ma babu kamarta. Hodi ya sa tabarau ya karanta Turancin da ke jiki tun daga sama har ƙasa. Kowane gwangwani ya rantse shi ne ya fi dacewa da jariri. Ya juya wannan, ya girgiza wancan kusa da kunne kamar mai sayen kankana, daga ƙarshe ya zaɓi mai hoton wani jariri ɓulɓul, don dai a ce ya zaɓa. Ya haɗa da bulumboti da ɗan buroshin wanke shi, ya sa Ummaru ya maimaita masa awon cokali da ruwa har ya haddace.

Damina ce, hanyar Argungu kuwa ta zama abin da ta zama. Daga Gwadangaji zuwa Ambursa ya sha ruwan kwalta har a baki, ya isa wandonsa ya yi kaca-kaca. Tamba ya karɓi kayan da hannu biyu. Hodi ya zayyana masa awon, ya ce a tafasa ruwa, a bari ya huce. Tamba ya ce ya ji, ya shige ciki. Hodi ya zauna a tabarma yana sauraron kukan yarinyar daga cikin gida. Kuka ne mai ƙarfi, mai tsaga kunne, ya kuwa ji daɗinsa a ɓoye, yana cewa a ransa wannan huhun na gidansu ne.

Ba a yi kwanaki ba wani direban kiya-kiya ya tsaya a ƙofar ofishinsu da saƙo. Madarar ba ta karɓe ta ba. A sake wata.

Ba ta karɓe ta ba ta yaya? Amai ne, ko gudawa, ko ƙin sha? Direba ya ce shi dai abin da aka ba shi ke nan, kuma fasinja na jiransa. Hodi ya koma wa Ummaru. Ummaru ya ce dama shi tun farko hankalinsa ya fi kwanciya da mai shuɗin gwangwani, nauyin baki ne ya hana shi faɗa. Hodi ya dube shi, ya danne abin da ya zo masa, ya karɓi mai shuɗin ya sake bin ramukan Ambursa.

A wannan zuwan aka karɓe shi da shayi mai kauri, fari sol, irin wanda ko a gidan babban sakatare ba kullum ake samunsa ba. Ya sha, ya yi godiya, ya ce, "Ƙaƙa masu jego?"

"Lahiya lau," in ji Tamba.

"Babu wata matsala dai?"

"Sai alheri."

Alherin da Hodi ya ji da kunnensa daban ne. Kukan ya rage ƙarfi. Tana farawa sai ta tsaya ta huta, kamar mai hawan tudu da kaya. Ya daɗe zaune yana jiran ko Goggo za ta leƙo su gaisa, ya samu ya saka tambaya ko da a kaikaice. Goggo ta aiko da gaisuwa da goro, ta ce a gaida mutanen Birnin Kebbi. Ya koma gida ransa a jagule, ga haushi, ga tsoro, ga shi babu wanda zai iya faɗa wa ba tare da an ce ɗan boko ya zubar da kunya a kan 'yar fari ba.

Saƙo na biyu bai ma ba shi mamaki ba. Ita ma mai shuɗin ba ta karɓe ta ba.

Wannan karon kantar Ummaru wayam. Lokacin ƙarancin kaya ne, madara da sukari da sabulu duk sun yi ɓatan dabo, sai wanda ya san wani. Hodi ya zaga kasuwa rumfa-rumfa, ya roƙi mutanen da bai taɓa tsammanin zai roƙa ba, ya bar manoman da ke jiransa a fadama suna ta cigiyarsa. Daga ƙarshe Ummaru ya ja shi bayan shago, ya zaro wani dogon gwangwani daga ƙarƙashin buhu, ya ce ta Kamba, can bakin iyaka, aka shigo da ita, ita matan manya ke ba 'ya'yansu a Yamai. Rubutun jiki duk Faransanci ne. Hodi, mai takardar shaidar makarantar gona, ya tsaya yana kallon gwangwani kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. Sai da ya nemo wani tela Bazabarme ya fassara masa awon, sannan ya ɗaure ta a bayan babur.

Ya isa Argungu da hantsi, a ranar da ba a tsammace shi ba. Ya yi sallama ya sa kai zaure, sai ya tarar da Tamba da abokansa biyu sun kewaye butar shayi. A tsakiyarsu ga jaririn nan ɓulɓul yana murmushi a jikin gwangwani, ga mai shuɗin a gefensa an kusa ganin gindinta. Tamba na riƙe da cokali, ya cika shi ya tula.

"Tamba," in ji Hodi, "wagga ba madarar yarinya ba ta?"

"Ita ta. Ai Goggo tac ce ba a ba ta. Mu kau manya ba ta yi muna komi. Kai ma ka sha rannan, har kac ce ta yi daɗi."

"Ba a ba ta? Ko sau guda?"

"Ƙaƙa za a ba ta, ta kashe tururuwa?"

Hodi ya ɗauka bai ji daidai ba. Tamba ya yi masa bayani a natse, yadda ake yi wa yaro. Ai haka ake gwada nono tun kaka da kakanni. A zuba kaɗan, a jefa tururuwa. In ta fito da ƙafarta, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, dafi gare shi. Na Baiwa ya kashe ta, shi ya sa kullum ake tatsewa ana zubarwa a bayan ɗaki. Gwangwani na fari ya kashe, na biyu ma ya kashe. Goggo ba za ta ba jikarta abin da ya kashe tururuwa ba, ko daga Makka aka kawo shi.

"To mi ta ka sha?"

"Nonon akuya, da ɗan ruwa. Shi kaɗai yac ci gwajin."

Wato duk ruwan saman da ya sha, duk ramukan Ambursa, duk roƙon da ya yi a kasuwa, tururuwa yake yi wa hidima, da Tamba. Ya lura ma kumatun Tamba sun ciko. Hodi ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji kukan daga ciki. Ba kuka ba ne yanzu, wani ɗan siririn sauti ne kamar na ɗan kyanwa da aka rufe a ɗaki, yana fitowa yana yankewa. Duk haushin da ke ransa ya koma tsoro tsantsa.

Tun da ya auri Baiwa bai taɓa wuce wannan zauren ba. Ya rungumi dogon gwangwaninsa, ya ce "Salamu alaikum" da ƙarfi, bai jira amsa ba ya kutsa cikin gidan. Tamba na kiran "Malam! Malam!" a bayansa. Mata suka watse, wannan na neman mayafi, waccan ta bar taɓarya a turmi. Goggo na zaune a kujera 'yar tsugunne kusa da tukunyar wankan jego, tana tsinke ganyen darbejiya.

"Innalillahi! Malam, lahiya? Wa yar rasu?"

Abin takaici, ko a wannan halin sai da ƙafafunsa suka durƙusa da kansu. Ya sunkuyar da kai ya gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ta amsa ɗaya bayan ɗaya tana kallonsa kamar wanda ya taɓu. Sannan ya ce, "Ba wanda yar rasu, Goggo. Shi yas sa niz zaka tun ba a rasu ba. Ga wata madara na kawo. So ni kai a gwada ta gabana."

Goggo ta gyara zama. "Au, gardama ka kai? Ni da ni ka wanga aiki tun ba a haihe ka ba? To zauna ka gani da idonka."

Ta sa aka kawo ruwan ɗumi. Ta shiga ɗakinta ta fito da wani abu a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ta warware shi a hankali. Kofin tangaran ne fari, mai zaren zinariya a baki. Hodi ya gane shi nan take. Shi ya sayo mata shi a Sakkwato, cikin tsarabar da ya kawo lokacin da yake neman auren Baiwa, har tana ta sa masa albarka. Ta dama madarar Faransa ta zuba rabin kofin, ta kai hannu gindin katanga ta kamo tururuwa da 'yan yatsu biyu, ta yi bisimilla ta jefa.

Hodi ya matso ya leƙa. Tururuwa ta yi iyo da ƙarfinta har ta kai bango. Ta ɗora ƙafa, ta zame. Ta sake ɗorawa, ta zame. Ta zagaya ta gwada wani gefen, santsin nan dai shi ne. Haka ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare, ta tsaya cik a saman madarar.

"Ka gani ko?" in ji Goggo. "Ita ma dahi gare ta. Turawan ga ban san mi su ka zubawa ciki ba."

"Na akuyar hwa, Goggo? Shi ma nan ciki anka gwada shi?"

"Akuya? Cikin kohin ga? Kai, Malam! Akuya ai cikin ƙoƙonta a ka tatsa ta, nan a ka gwada ta."

Ƙoƙon na nan a gefe, an rufe shi da faifai, da sauran nonon safe a ciki. Tsohon ƙoƙo ne, cikinsa duk kaushi da tsaga. Ko makahon tururuwa zai samu wurin kamawa.

Akwai tambayar da ta rage, kuma ita ce tambayar da bai kamata ta fito daga bakin suruki ba har abada. Hodi ya dubi ƙasa ya ce, "Na Baiwa hwa? Cikin mi anka gwada shi?"

Wata mata ta ce "Subhanallahi" daga bayan rumbu. Goggo ta riƙe haɓa.

"Yau na ga zamani. To tunda ka tambaya, cikin kohinka. Matar ma'aikaci guda, in tatsa ta cikin ƙoƙo kamar dabba? Don in girmama ka niy yi."

Don ta girmama shi. Hodi bai san ko ya yi dariya ko ya kwanta a ƙasa ya yi birgima ba. Ya roƙe ta, don Allah don Annabi, ta zubar da ta Faransa ta zuba na akuyar a kofin. Ta yi tsaki, amma Goggo ba ta gudun gwaji, don ba ta taɓa faɗuwa ba. Ta zuba, ta kamo wata tururuwar ta jefa. Matan gidan duk sun manta da kunya sun zagayo. Tururuwa ta yi iyo, ta kai bango, ta zame, ta zame, ta zame. Nonon da ya ci gwaji, wanda ake ɗura wa jaririya tun washegarin suna, ya kashe ta a gaban kowa.

Goggo ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta ɗauki ƙoƙon, ta ɗauraye shi da kanta, ta ɗaga labulen ɗakin mai jego ta shiga. Jim kaɗan ta fito da ɗan nono a gindin ƙoƙon. Ta nemi tururuwa ta uku. Abin haushi, duk sun gudu, sai da aka ɗaga turmi aka samo guda.

Wannan tururuwar kuwa ba ta da gaggawa ko kaɗan. Ta yi iyo ta nufi gabas, ta fasa ta juyo yamma, ta tsaya tsakiya tana motsa gashin baki. Goggo ta sunkuya a kanta tana addu'a ƙasa-ƙasa. Hodi na durƙushe yana ji kamar ya sa yatsa ya tura ta. Ran 'yarsa ne a hannun wannan ƙwaron, shi da karatunsa da baburinsa ba su da ta cewa.

Sai ɗan siririn kukan nan ya ɗauke.

Ba yankewar da yake yi ya dawo ba ce. Ya ɗauke ɗif. Hodi ya jira ya dawo, bai dawo ba. Bai san lokacin da ya miƙe ba, bai san lokacin da ya tsallake ƙoƙon da Goggo da tukunyar wanka ba, sai ganinsa ya yi a ƙofar ɗakin ya yaye labule.

Baiwa na zaune a bakin gado. Ta rame, idanunta sun kumbura, gaban zanenta a jiƙe yake da nonon da aka ce dafi ne. Yarinyar da ba ta taɓa ɗauka a gaban mutane ba, wadda in an miƙo mata sai ta kau da kai don kunya, tana rungume a ƙirjinta. Ashe duk abin da ake yi tana leƙe ta gefen labule, kuma ba ta tsaya jiran hukuncin tururuwa ba. A karon farko Hodi ya ga 'yarsa sosai. 'Yar ƙarama ce ƙwarai, fatar hannunta ta yi yaushi, maɗigarta ta faɗa. Amma ɗan kuncinta na motsi. Da ya kasa kunne sai ya ji wani ƙaramin sauti, ƙut, ƙut, ƙut.

Baiwa ba ta rufe fuska ba, ba ta kuma ajiye yarinyar ba. Hawaye na zuba ta ce, "Tana sha, Malam. Asiya tana sha."

A tsakar gida Goggo ta rangaɗa guɗa. "Ta hito! Ta hito da ƙahwarta! Nono lahiyayye na, ni dama na san jininmu ba shi da mugun nono. A ba ta ta sha!" Sannan ta juyo da murya wajen ɗakin. "Kai kuma Malam, zo ka ɗauki kohinka. Mutum shi rasa abin da za shi kawo ma surukai sai abin da ka kashe tururuwa. Da ka halaka mani jika!"

Hodi ya ji ta sarai. Ya san kuma haka labarin zai zaga Argungu, cewa kofin ɗan boko ne ya kusa kashe jaririya, Goggo ta gano. Gobe da safe zai kai uwa da 'ya asibiti ko Goggo ta so ko ta ƙi, wannan ma wani faɗan ne da ke jiransa. Tamba har ya ɗauke dogon gwangwanin ya nufi zaure da shi.

Hodi ya durƙusa nan a bakin ƙofar, wurin da suruki ba shi da hurumin tsayawa, mata na ta salati a bayansa, yana sauraron ƙut, ƙut ɗin nan. Da yarinyar ta saki nono don ta huta, sai ta yamutsa fuska ta tsala kuka. Bai kai na ranar da ya kawo gwangwanin fari ba, amma har zaure an ji shi.